Awa Ashirin da Tara a Rana

Masu turo min saƙo cewa ina wahalar da bawan Allah, duk na gani, na karanta, Allah ya saka da alheri. Wata har cewa ta yi in ba na so in ba ta lambarsa. 'Yar'uwa, ki karanta na yau tukuna, in kin gama kina kan bakanki sai mu yi magana.

Waɗanda yau suka shigo kuma, ku matso in gabatar muku da gidanmu. Ni ce auta, shekarata ashirin da biyar. Na gama digiri a fannin zamantakewar al'umma shekara biyu da suka wuce, kuma satin da na karɓo takardata Yayata ta haifi 'yan biyu. Ita ma'aikaciyar jinya ce, mijinta yana aiki a nesa, sai ya yi wata uku bai leƙo ba, don haka ta dawo gida wajen Mama "na ɗan lokaci". Ɗan lokacin nan yanzu ya yi haƙora, yana gudu, yana kiran sunana. Mama guiwa ta sa ta a gaba, ba ta iya sunkuyo balle ɗaukar yaro. Sai ku lissafa da kanku wa ya rage.

Yaran muna kiransu Sarkin Kuka da Mai Cizo. Ba ni na raɗa musu ba, halinsu ne ya raɗa.

Sai kuma Mai Tabarau, wanda kuka fi so a kaina. Shago gare shi na gwada ido da sayar da tabarau. Mama ta je ya yi mata na karatu, tun daga ranar ta dawo da tabarau da suruki a lokaci ɗaya. Wata bakwai ke nan yana zuwa, duk Laraba da yamma, da motarsa mai ƙamshin lemo da farar rigarsa da ba ta taɓa sanin hannun yaro ba. Duk zuwan da zai yi sai ya tambaye ni inda muka kwana a kan maganarsa, ni kuma amsata ɗaya ce: ban sani ba tukuna.

Ba ƙin sa nake yi ba, gara in faɗa muku gaskiya. In na ji ƙarar motarsa har madubi nake leƙawa. Abin da ya tsaya min a wuya magana ce da ya yi tun zuwansa na biyu, yana murmushi, da kyakkyawar niyya: "Ke ai kin huta, kina gida ba kya komai." A lokacin akwai shatin haƙoran Mai Cizo a damtsena, na rufe da mayafi.

To, satin nan na sami shiga wani horo na kwana huɗu. Wata cibiyar bincike ce ta tara mutum talatin za ta koya musu yadda ake aiki da bayanan wani babban bincike da aka yi gida-gida a kan rainon yara da talaucin iyali. A ƙarshe kowa zai tashi ya gabatar da abin da ya gano na minti goma, a zaɓi mutum uku a ba su aikin shekara ɗaya. Sharaɗin kuwa yana rubuce da jan biro: wanda ya yi fashin rana ɗaya ya fita. Na roƙi Yaya har da ɗan hawaye, ta yi musayar aiki da wata abokiyarta don ta zauna da 'ya'yanta kwana huɗu. Ta faɗa min haka kamar wadda ta ba ni ƙodarta.

Mama kuwa cewa ta yi, "Wai su talakawan ne ba a san su ba sai an shiga kwamfuta? Su zo nan layin in nuna musu kyauta."

Ranar Litinin na saka doguwar rigata ruwan toka, wadda na ɓoye a saman wadrob don gudun masu hannun madara, da mayafi ruwan hoda da takalmin Yaya da ba ta san na ɗauka ba. Ɗakin horon yana hawa na biyu, doguwar taga, na'urar sanyi mai tari, kwamfutoci a jere, kowacce da lamba manne a goshinta, tawa lamba tara. Mai koyarwar wata mata ce 'yar gajera, kowa Dakta yake ce mata. Flas ɗin shayinta ba ya barin hannunta, kuma in za ta yi maka dariya sai ta fara kurɓa tukuna.

Ta sa muka sa hannu a takardar alƙawari cewa ba za mu yi ƙoƙarin gano gidan kowa ba. Dama an cire sunaye da adireshi, saura lambobi. Ta buɗe mana bayanan a allo, layi dubu goma sha biyu.

"Kowane layi gida ne," ta ce. "Akwai tukunya a ciki, akwai mai kuka, akwai mai rarrashi. Kuma kowane gida a nan yana tsaye ne a madadin wasu ɗaruruwa da ba a shiga ba. Saboda haka ku wanke hannu kafin ku taɓa."

Ta raba mana wani littafi mai kauri da ke fassara lambobin, wato a tambaya kaza ɗaya na nufin uwa, biyu na nufin uba, haka dai. Ta ce mu karanta shi a gida. Jama'a, na yi niyya. Na buɗe shafin farko Sarkin Kuka ya tashi, na buɗe na biyu Mai Cizo ya gano inda aka ajiye gishiri. Yaya tana kwance a kujera da tawul a goshi tana cewa, "Auta, wai haka suke kullum, ko don sun ga ni ce?"

Ranar Talata Dakta ta ba mu aikin farko. Tambaya ta goma sha biyar: a rana ɗaya, awa nawa mai kula da ƙaramin yaron gidan yake yi a kansa? Ta ce kowa ya fitar da matsakaici. Na danna, na danna, amsa ta fito kafin na kowa. Daɗi ya cika ni. Na ɗaga hannu har mayafina yana zamewa.

"Kwamfuta ta tara, mun ji ki."

Na miƙe na gyara murya. "Awa ashirin da tara da 'yan mintuna, Dakta."

Dakta ta ɗaga flas ta kurɓa a hankali, na san tawa ta same ni.

"A rana ɗaya?"

"Eh, Dakta."

"Masha Allah. A unguwarku rana awa nawa ce? In da gidan haya ki nema min, aiki ya yi min yawa."

Dariya ta ɓarke. Wani dattijo malamin jami'a da ke kusa da ni har da buga tebur. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige da takalmin Yaya gaba ɗaya. Abin haushin ma shi ne, lokacin da na ga ashirin da taran nan ban ji komai ba. A raina cewa na yi, eh, zai kai.

Dakta ta zo ta tsaya a bayana, ta buɗe littafin nan a shafi na arba'in ta ɗora yatsa. A rubuce: casa'in da tara, ban sani ba. Ashe duk wanda aka tambaya ya ce bai sani ba, sai ma'aikacin ya rubuta 99 a gurbin. Ni kuma na kwashe su duka na haɗa a lissafi a matsayin awanni. Gida ɗaya cikin huɗu haka ya amsa.

"Wannan kuskuren kowa sai ya yi shi sau ɗaya," ta ce da ajin. "Wanda ya yi sau biyu ya koma sayar da katin waya. Ku ware casa'in da taran gefe, ku sake."

Muka ware, amsa ta koma awa shida. Kowa ya rubuta shida, aka tafi shan shayi. Ni na kasa tashi, don wani abu ya faɗo min.

Bara, wata mata ta taɓa zuwa gidanmu da riga mai tambari da ƙaramar kwamfutar hannu. Ta zauna a falo da Mama kusan awa guda tana tambayoyi. Ina tsakar gida ina wanke famfas ɗin da Mai Cizo ya tsoma a bokitin ruwan sha, amma kunnena yana falo. Na ji ta ce, "Wa ke kula da yaran in uwarsu ta tafi aiki?" Mama ta ce, "Ƙanwarta." Ta ce, "Kamar awa nawa a rana?" Mama ta yi dariya ta ce, "Yo wa yake ƙirga wannan, 'yar nan? Ai a gida take. Ban sani ba."

Ban san ko binciken nan ne ba ko wani, kuma ban nemi layinmu ba, na sa hannu a alƙawari. Amma zuciyata ta ba ni cewa in ma muna ciki, to yanzun nan da yatsana na ware kaina gefe don lissafi ya yi kyau.

Sai na yi abin da ba a sa ni ba. Maimakon in bar su a gefe, na jawo su kaɗai na tambayi kwamfutar su waye. An riga an kasa gidajen kashi biyar, daga masu ƙaramin ƙarfi zuwa masu hali. A cikin masu hali, gida ɗaya cikin ashirin ne ya ce bai sani ba. A cikin mafi talauci, rabi cur. Na duba tambaya ta goma sha huɗu, wadda ke cewa wa ke rainon. Inda gidan raino ne ko 'yar aiki, kusan kowa ya san awanninsa, bakwai ne ko takwas, tun da biya yake yi. Inda aka ce ban sani ba, yawanci kaka ce, ko ƙanwar uwa, ko babbar 'ya.

Shayina ya huce a gabana. Dakta ta dawo ta same ni, ta leƙa allon, ta daɗe tana kallo. Wannan karon ba ta kurɓi komai ba.

"Wa ya ce ki yi wannan?"

"Ba kowa, Dakta. In goge?"

"In kika goge sai na cire ki da kaina. Ba ki san awanninsu ba, kada ki ƙirƙira musu. Amma kin san su waye, wannan kuwa magana ce. Shi za ki gabatar ranar Alhamis."

Laraba da yamma ina dawowa na tarar Mama ta sa an share falo sau biyu, an fito da kofunan baƙi masu bakin zinare. Ta bi ni har ɗaki tana dogara sanda.

"Auta, yau dai ki ba yaron nan amsa. Wata bakwai, ko ciki ne ya kusa haihuwa."

"Mama, horo nake yi."

"Horon da za a gama gobe? Shi wannan horon rayuwa ne. Saka shuɗiyar nan, ita ta fi yi miki haske."

Wayata ta yi ƙara. Shi ne: "Ranki ya daɗe, ina ƙofa. In shigo ko a ci gaba da gwada haƙurina?" Da ɗan hoton fuska mai tabarau, wanda ba ya taɓa mantawa.

Muka zauna a falo, Mama tana ɗakinta ta bar ƙofa a buɗe daidai faɗin kunne. Ya ga littafin lambobi a hannuna.

"Wannan fa? Kin fara wa'azi ne?"

"Aikin gida aka ba mu. Zan gwada tambayoyin a kanka, in ba ka tsoro."

"Ni da nake sa mutane karanta ƙananan baƙaƙe daga nesa? Bismillah."

Na tambaye shi ɗaki nawa ne a gidansu, ruwan famfo ne ko na saye, mutum nawa ke kwana a ciki. Yana amsawa yana gyara zama kamar a gidan talabijin. Sai na iso inda nake so.

"Tambaya ta goma sha huɗu. A ce kana da yaro ƙarami, uwarsa ta tafi aiki. Wa zai kula da shi?"

Ko tunani bai yi ba. "Wannan ai mai sauƙi ce. Ƙanwata tana nan a gida, ba ta komai. Ita ke riƙe da na Yayanmu ma, su uku."

Na rubuta. Na rufe littafin.

"Na ci?" ya ce.

"Ba a ci ko faɗuwa, Yallaɓai. Rubutawa kawai ake yi."

"To ni tawa tambayar fa?"

"Ban sani ba tukuna."

Daga ɗaki muka ji Mama ta yi tsaki, ta ce wai da sauro take.

Ranar Alhamis na tashi tun asuba na goge ruwan tokar nan. Ƙarfe bakwai saura, ina ɗaura agogo, Yaya ta fito da fararen kayan aiki tana neman takalminta.

"Auta, ki yi haƙuri, wadda muka yi musaya da ita ɗanta ba lafiya. An kira ni, dole in je."

"Yaya, yau ce ranar gabatarwa."

"Na sani, amma marasa lafiya ne fa. Ki kira su ki ce uzuri ya taso. Kwana uku ai kin samu, ba laifi. Wai ina baƙin takalmina?"

Yana ƙafata. Na cire na miƙa mata, ta saka ta fita. Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni, Yayata tana sona. Kawai dai a gidanmu in lissafi ya ƙi fita, ni ake warewa gefe.

Na zauna a bakin gado da rigata gogaggiya. Sarkin Kuka ya zo ya goge hancinsa a guiwata. Mama ta leƙo ta ce, "Da ƙafar nan ta bar ni da na riƙe miki su, Allah ya sani." Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa kukan ya zo min. Na yi shi sosai, har yaron ya tsaya yana kallona don ya ga an shiga sana'arsa.

Ƙarfe bakwai da rabi saƙo ya shigo: "Ina ƙofa. Yau ni ne direban Farfesa." Na manta ma ya ce zai kai ni. Na rubuta masa: "Ka wuce shago. Ba zan je ba, babu mai riƙe yara." Minti ɗaya bai cika ba na ji sallamarsa a falo.

Farar riga ce yau ma, har da agogon azurfa. Ya gaida Mama, ya dube ni da jajayen idanuna, ya dubi yaran da ke zaune a kan kafet suna cin biskit kamar mutanen kirki.

"Waɗannan ne matsalar? Haba ranki ya daɗe. Yara biyu ne fa. Mama tana nan tana ba da umarni, ni ina aiwatarwa. Shago ya huta yau."

"Ba za ka iya ba."

"Ni da nake ɗiga wa 'yan shekara uku magani a ido?"

Mama ta washe baki, ta ce, "Ka ji ɗan albarka." Na buɗe baki zan yi masa bayanin wanda ba ya cin abinci sai a jan kofi, da wanda ba a juya masa baya, sai wani shaiɗani ya raɗa min cewa gani ya kori ji. Na nuna masa inda famfas yake, na saka silifas ɗina na zuwa kasuwa, na fita da gudu na tari mota.

Ni ce ta goma sha ɗaya a gabatarwa. Kafin a zo kaina saƙonninsa sun fara shigowa, wayar tana ta rawa a cinyata.

Tara da kwata: "Komai lafiya. Muna wasa. Kin cika tsoro."

Goma saura: "Wanne ne mai cizon?"

Goma da minti biyar: "Na gane shi."

Sha ɗaya: "Akwai wani dalili da zai sa yaro ya yi kuka don an ɓare masa ayabar da shi ya ce a ɓare?"

Sha ɗaya da rabi: "Mama ta ce jan kofi. Akwai jan kofi uku a gidan nan."

Daga nan shiru. Shirun ya fi ba ni tsoro, amma aka kira kwamfuta ta tara.

Na tsaya a gaban mutum talatin da silifas. Dattijon nan ya ce, "A'a, Hajiya mai awa ashirin da tara!" aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce musu eh, ni ce, kuma a kan kuskuren nan zan yi magana. Na nuna musu awa shidan da muka samu, na nuna musu waɗanda muka ware kafin mu same ta. Na ce shidan nan ta gidajen da ke ƙirgawa ce, kuma mutum ya fi ƙirga abin da yake biya. Duk wanda zai tsara taimakon raino da wannan lamba, ya sani rabin gidajen da suka fi buƙata ba sa cikinta. Na ba da shawara cewa a bincike na gaba a daina tambayar mai gida awa nawa, a nemi mai rainon da kanta, a bi ranar jiya da ita daga tashi zuwa kwanciya.

Wani ya ɗaga hannu. "Ta yaya kika san ban sani ba ɗin nan na nufin awanni da yawa? Wataƙila kaɗan ne."

"Ban sani ba, Malam, kuma bayanan ba su faɗa ba, shi ya sa ban sa musu lamba ba. Abin da na sani, ba a tambaye su ba."

Dakta rubutu kawai ta yi a takardarta, ta ce na gaba.

Biyar saura na iso gida. Tun daga ƙofa na ga takalmin Mai Tabarau ƙafa ɗaya a cikin bokiti. Falon da aka share sau biyu jiya, kamar an yi gwanjo an watse. Matasan kujera a ƙasa, shinkafa a kan talabijin, labule ɗaya ya sauka. Shi kuma yana zaune a kafet ya jingina da bango, farar rigar nan ta zama taswira, tabaransa hannu ɗaya ya karye ya ɗaure da zaren Mama. Sarkin Kuka yana barci a kafaɗarsa, Mai Cizo a cinyarsa. Ya ɗora yatsa a baki yana roƙona da ido kada in yi motsi mai ƙarfi.

Na tsuguna nesa kaɗan, na ciro littafina da biro, na yi ƙasa da murya.

"Yallaɓai, tambaya ta goma sha biyar. Yau awa nawa ka yi kana kula da yara?"

Ya dubi hannunsa, agogon ba ya nan. Daga baya a cikin tukunya muka same shi.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Azahar ma sai da Mama ta tuna min. Yau Alhamis ce har yanzu?"

Mama ta fashe da dariya daga kujerarta har tana share ido. Ta ce, "Kai, yaron nan! Ka ji shi kamar ni ranar da matar nan mai kwamfuta ta..." Sai ta tsaya. Ta dube ni, na dube ta.

Da zai tafi ko tambayarsa ta kullum bai yi ba. Ya ɗauki jiƙaƙƙen takalminsa a hannu, ya ce Mama ta yi masa addu'a.

Bayan magariba saƙo biyu suka shigo kusan tare. Na farko daga Dakta: "Kina cikin ukun. Litinin, takwas zuwa huɗu, kullum. Ki zo da takalmi." Na karanta sau uku, ga daɗi ga tsoro, don Litinin ɗin nan Yaya tana aikin safe, haka Talata, haka har ƙarshen wata.

Na biyu nasa ne, kuma yau babu hoton fuska mai tabarau. "Na je gida na tambayi ƙanwata awa nawa take yi da yaran Yayanmu. Ta ce ba ta sani ba, sai ta fara kuka. Ashe sau biyu tana fasa rubuta jarrabawar shiga jami'a, ina gidan ban sani ba. Don Allah ki goge amsata ta goma sha huɗu. Ba ni da wata amsar tukuna, amma ba waccan ba ce. Maganar da na taɓa yi cewa kin huta, ita ma ki goge."

Ina zaune da wayar a hannu na rasa wanne zan fara amsawa, Mama ta kira ni. Ta saka tabaran karatunta, ta juya bayan wata tsohuwar kalanda a cinyarta, da biro.

"Zauna. Yadda kika ce a yi, haka za mu yi. Ranar da Yayarki take aiki, ƙarfe nawa kike tashi?"

"Mama, wa ya gaya miki abin da na ce?"

"Kwana biyu kina haddace shi a banɗaki, kurma ce ni? Ƙarfe nawa?"

"Biyar."

Ta rubuta. Wanka, abinci, wankin kaya, rarrashi, barcin ranar da ɗaya ke yi ɗaya yana gadi. Tana tambaya ina amsawa, tana ja da yatsa tana ƙirgawa a hankali. Da ta kai awa goma sha biyar ba mu ma zo tashin dare ba, sai biron ya tsaya. Ta daɗe tana kallon kalandar.

"Shekara biyu," ta ce.

Ta cire tabaran ta goge ido da bakin mayafi. "Wannan gilashin nasa ya fara sa min ruwan ido. Ki gaya masa ya zo ya duba, ba sai Laraba ba."

Na nuna mata saƙon Dakta. Ta mayar da tabaran, ta karanta da kanta, baƙi bayan baƙi. A daidai lokacin muka ji ƙarar makullin Yaya a ƙofa, tana sallama da muryar gajiya, tana cewa, "Auta, zo karɓi jakar nan, ki haɗa musu ruwan wanka."

Na yunƙura zan tashi, jiki ya saba. Mama ta ɗora sandarta a kan cinyata.

"Zauna," ta ce da ni. Sannan ta ɗaga murya: "Shigo da jakarki da kanki, ki zo nan. Akwai lissafin da zan nuna miki."